Sharaɗa, Challawa da Bompai: Wa zai riƙe zaman tare bayan rufe masana'antu?

A ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da labari ya iso Kano cewa an kashe matafiya 16 'yan arewa a garin Uromi na jihar Edo, tambayar da ta fara zuwa zukatan jama'a ita ce: me zai biyo baya?

Akasarin mamatan mafarauta ne 'yan jihar Kano, waɗanda ke kan hanyarsu ta komawa gida daga jihar Ribas domin bikin ƙaramar Sallah. An tare motar da suke ciki, aka zarge su da satar mutane, sannan gungun jama'a suka hallaka su.

Duk wanda ya san tarihin birnin ya san dalilin fargabar. A watan Yulin 1999, rikicin Shagamu a jihar Ogun ya haifar da ramuwar gayya a Kano. A watan Mayun 2004 ma haka aka yi, bayan kisan da aka yi wa Musulmi a garin Yelwa na jihar Filato.

Sai dai a wannan karo lamarin ya sha bamban. Malamai da jami'an gwamnati da shugabannin al'umma sun yi ta kiran a kwantar da hankali. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ya gana da takwaransa Abba Kabir Yusuf, ya kuma je ta'aziyya ƙaramar hukumar Bunkure, inda da yawa daga cikin mamatan suka fito. An yi Sallah an gama ba tare da tarzoma ba.

Dalilan hakan suna da yawa. Amma ɗaya daga cikinsu, wanda ba a cika ambata ba, shi ne aikin da ƙungiyoyin sa-kai suka shafe kimanin shekaru 20 suna yi na haɗa kan ƙabilu da mabiya addinai a birnin.

Domin a fahimci girman wannan aiki, da kuma iyakarsa, babu inda ya fi dacewa a duba kamar unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Inda aiki ya haɗa jama'a

Turawan mulkin mallaka ba su shirya Kano domin cuɗanya ba. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, sun keɓe Sabon Gari ga 'yan kudu da sauran baƙi, suka bar birni ga Kanawa, su kuma suka zauna a Nasarawa.

Kasuwa ce ta fara karya wannan shinge, sannan masana'antu suka biyo baya. Bompai, wadda ke kusa da layin dogo, ita ce unguwar masana'antu ta farko, kuma ta samo asali tun kafin samun 'yancin kai. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa ne daga baya, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata a shekarun 1970.

A waɗannan wurare aka kafa masaƙu, da kamfanonin matse man gyaɗa, da na robobi, da na alewa, da na kwanukan sha. Challawa, wadda ke bakin kogi, ta yi suna wajen jimar fatu. Masu kamfanonin sun haɗa da attajiran Kano, da 'yan Labanon, da Indiyawa, daga baya kuma 'yan Sin.

Ƙarƙashin rufi guda za a tarar da Bahaushen da ya baro ƙauye bayan karatun allo, da makaniken Bayarabe, da akawun Ibo, da Batibi ko ɗan Igala mai kula da inji. Jiniya guda ke kiransu aiki, ita ce kuma ke sallamarsu. Wurin mai abinci guda suke ci, adashi guda suke zubawa, kuma idan albashi ya makara, tare suke kokawa.

Masanin nan ɗan Amurka, Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan ma'aikatan masana'antun Kano a shekarun 1970, ya nuna a littafinsa na 1986 yadda tsofaffin almajirai da gardawa suka rikiɗe suka zama ma'aikata masu sanin haƙƙinsu.

Wannan ba ya nufin babu ƙorafi. Sau da yawa aikin ofis da na gwaninta yakan faɗa hannun waɗanda suka riga samun ilimin boko, leburanci kuma ya faɗa wa 'yan gari, abin da ya daɗe yana sosa rai. Haka kuma binciken Gunilla Andrae da Bjorn Beckman a kan masaƙun Najeriya ya nuna cewa ƙungiyar ƙwadago ba ta yi ƙarfi a Kano kamar yadda ta yi a Kaduna ba.

Duk da haka, masana'anta ta kasance wurin da mutum ke sanin sunan wanda ba addininsu ɗaya ba, ya san 'ya'yansa, ya je masa suna da jana'iza. Ba wanda ya kira wannan da sunan aikin wanzar da zaman lafiya, amma shi ake yi kowace safiya.

Abin da ya faru a 2004

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka fara sauyawa. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ya tsawwala farashin kayan gyara da ake shigowa da su. Ƙarancin wutar lantarki ya tilasta wa kamfanoni dogaro da janareta. Atamfofin da ake fasa-ƙwaurinsu daga Asiya kuma suka cika Kantin Kwari.

Masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka mayar da su ɗakunan ajiyar kaya. Dubban ma'aikata suka koma acaɓa ko zaman jiran tsammani, ƙannensu kuma suka taso ba su taɓa shiga ƙofar kamfani ba.

A cikin wannan yanayi ne rikicin Yelwa ya auku. A watan Fabrairun 2004 an kashe Kiristoci da dama a garin, wasunsu a cikin coci. A ranakun 2 da 3 ga watan Mayu kuma aka kashe ɗaruruwan Musulmi.

Ranar 11 ga watan Mayu, shugabannin Musulmi a Kano suka jagoranci zanga-zangar lumana zuwa gidan gwamnati, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Kafin rana ta faɗi, gungun matasa sun fantsama cikin unguwannin bayan gari suna farautar waɗanda ba Musulmi ba.

Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch, a rahoton da ta fitar a 2005, ta ce an kashe fiye da mutum 200 cikin kwanaki biyu, ta kuma zargi jami'an tsaro da harbe mutane da dama da sunan maido da doka.

Abin lura shi ne inda aka fi yin ɓarnar. Ba Sabon Gari ba ce, inda baƙi ke da yawa kuma suke iya kare kansu. Unguwanni ne irin su Sharaɗa da Panshekara da kewayen Challawa, inda ma'aikata suka kama haya kusa da wuraren aikinsu, suke zaune a cakuɗe da 'yan gari. Dubban waɗanda suka tsira sun fake ne a barikoki da hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai.

Akwai Musulmi da dama da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu, suka sa rayukansu cikin haɗari. Amma bayan ƙura ta lafa, iyalai masu yawa ba su koma inda suka baro ba. Wasu sun tare a Sabon Gari da unguwannin da ke kusa da barikoki, wasu sun bar jihar ɗungurungum.

Ke nan birnin ya yi asarar abu biyu a lokaci guda: wurin aikin da ke haɗa mutane da rana, da unguwar da ke haɗa su da dare.

Shigowar 'yan sa-kai

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin sa-kai suka yi ƙoƙarin cikewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice ita ce Peace Initiative Network, wadda Michael Olufemi Sodipo, wani Bayarabe mazaunin Kano, ya kafa a 2004, shekarar da aka yi rikicin.

A 2006 ƙungiyar ta ɓullo da kulob na zaman lafiya domin ɗaliban makarantun sakandare. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: a haɗa yara Musulmi da Kirista, Hausawa da Ibo da Yarabawa, a wasan ƙwallo da muhawara da tattaunawa, ta yadda za su zama 'yan ƙungiya guda kafin wani ya koya musu cewa su abokan gaba ne.

A wata maƙala da ya rubuta a 2013 wa wata cibiyar nazarin tsaron Afirka da ke birnin Washington, Sodipo ya yi nuni da cewa ƙarfin soja kaɗai ba zai magance tsattsauran ra'ayi a arewacin Najeriya ba, sai an haɗa da jawo matasa a jika da sama musu abin yi.

Akwai kuma tsohon tsari na shugabannin ƙabilu. Fadar Kano, musamman a zamanin marigayi Alhaji Ado Bayero wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, ta riƙa hulɗa da Sarkin Yarabawa da Sarkin Ibo da takwarorinsu na sauran al'ummomi. Waɗannan shugabanni ne ke sasanta rigimar haya ko ta bashi tun kafin ta rikiɗe ta zama ta ƙabilanci, su ne kuma ake fara nema idan wani abu ya faru a kudu.

Daga Kaduna ma an samu abin koyi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suka jagoranci matasa masu gaba da juna, sun kafa dandalin tattaunawa tsakanin addinan biyu a 1995. Su ne suka shiga tsakani har aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a Yelwa a 2005.

Babban abin da waɗannan ƙungiyoyi suka samar shi ne hanyar magana. A yau limami yana da lambar wayar fasto, mai unguwa yana da ta shugaban 'yan kasuwar kayan gyara. Tarzoma kan fara ne da jita-jita, kuma sa'o'i biyu ko uku na farko su ne ke yanke hukunci ko za ta mutu ko za ta kama.

Jarrabawar 2012

Watan Janairun 2012 ya gwada wannan tsari. A farkon watan, ƙungiyar Boko Haram ta ba 'yan kudu wa'adin kwanaki uku su bar arewa. A daidai lokacin ne kuma aka fara zanga-zangar adawa da janye tallafin man fetur.

A shataletalen Silver Jubilee, inda masu zanga-zangar suka yi sansani, an ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu yayin da suke Sallah. Kwanaki kaɗan bayan haka, wasu Musulmi 'yan sa-kai suka zagaya coci-coci a Sabon Gari ranar Lahadi domin tabbatar wa masu ibada cewa suna tare da su. An kuma ƙulla wani alkawarin kare juna da reshen Kano na Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, wanda Bishop Ransom Bello ke shugabanta a lokacin.

Ranar 20 ga watan, Boko Haram ta kai jerin hare-hare a birnin, ciki har da hedkwatar 'yan sanda ta Bompai, inda aƙalla mutum 185 suka mutu. An kai hari kan Kiristoci masu ibada a Jami'ar Bayero a watan Afrilun wannan shekara, da tashar mota ta New Road a Sabon Gari a watan Maris na 2013, sannan Babban Masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamban 2014, inda aka kashe fiye da mutum 100.

Baƙi da yawa sun kwashe iyalansu sun tafi a wannan lokaci. Amma abin da maharan suka so, wato mazauna birnin su far wa juna, bai faru ba.

Ba za a ce 'yan sa-kai kaɗai ne suka hana ba. Kasancewar bama-baman ba su bambanta masallaci da coci ba ya sa kowa ya gane abokin gabar guda ne. Amma da ba a riga an gina hanyoyin tuntuɓar juna ba, da wuya wannan fahimta ta yi tasiri cikin gaggawa.

Darasi daga Indiya

Abin da Kano ta fuskanta ba sabon abu ba ne a duniya. Masanin siyasa Ashutosh Varshney, a littafinsa na 2002, ya kwatanta biranen Indiya da ke yawan fama da rikici tsakanin Hindu da Musulmi da waɗanda ke zaune lafiya.

Ya gano cewa gaisuwa da maƙwabtaka suna da amfani, amma ba su cika jure girgiza ba. Abin da ya fi riƙe gari shi ne ƙungiyoyin da suka haɗa ɓangarorin biyu a kan wata buƙata ta yau da kullum, kamar ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa da na masu sana'a.

Birnin Ahmedabad misali ne. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙun birnin, wadda Mahatma Gandhi ya taimaka aka kafa a 1920, ta daɗe tana haɗa Hindu da Musulmi. Masaƙun sun durƙushe a shekarun 1980, ƙungiyar ta yi rauni, kuma birnin na daga cikin wuraren da rikicin jihar Gujarat na 2002 ya fi muni.

A ɗaya hannun kuma akwai Bhiwandi, garin masaƙa da ke kusa da Mumbai, wanda ya sha tarzoma a 1970 da 1984. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa kwamitocin unguwanni da suka haɗa mabiya addinan biyu da 'yan sanda. Da aka rushe masallacin Babri a watan Disamban 1992, Mumbai ta kama da wuta, Bhiwandi kuwa ta zauna lafiya.

Kano na da kama da biranen biyu. Ta rasa masana'antunta kamar Ahmedabad, tana kuma ƙoƙarin gina abin da Bhiwandi ta gina.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce wa aikin ke kaiwa gare shi. Ɗalibin sakandare da ke zuwa kulob, ko malamin da ake gayyata taron bita a otal, ba su ne ke ɗaukar makami ranar tarzoma ba. Matashin da ba ya makaranta, ba shi da sana'a, wanda ɗan siyasa ke iya haya da kuɗi ƙalilan, shi ne ya fi wuyar samu.

Abin da ya faru ranar 1 ga watan Agustan 2024 ya tuna wa jama'a hakan. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama wawason dukiya, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Rikicin bai ɗauki salon addini ko ƙabila ba, amma ya nuna yawan matasan da ke jiran ƙyastu.

Ta biyu ita ce kuɗi. Da yawa daga cikin shirye-shiryen sun dogara ne da tallafin ƙasashen waje, wanda ke zuwa na shekara biyu ko uku ya ƙare. Wannan tallafi ya ƙara ja baya tun bayan da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta raya ƙasashe a 2025.

Ta uku ita ce rashin hukunci. A watan Yunin 2016 an kashe wata 'yar kasuwa, Bridget Agbahime, a kasuwar Ƙofar Wambai bisa zargin ɓatanci, kuma kafin shekarar ta ƙare kotu ta sallami waɗanda aka gurfanar. Haka nan Musulmin Yelwa da iyalan mafarautan Uromi suna da nasu ƙorafin na neman adalci. Mai sasanci zai iya roƙon mutum ya yi haƙuri sau ɗaya ko sau biyu, amma ba zai iya maye gurbin alƙali ba.

Ta huɗu kuwa ita ce batun ɗan asali da baƙo. Akwai iyalan da kakanninsu suka zo Kano tun zamanin dalar gyaɗa, Hausa ce harshen da 'ya'yansu suka fi iyawa, amma takardar shaidar asali na ci gaba da mayar da su garuruwan da ba su sani ba. Irin wannan ne kuma Bahaushen Shagamu ko na Jos ke kuka da shi.

Abin da ya rage

Unguwannin masana'antun ba su mutu ba. Har yanzu ana jimar fatu, ana sarrafa robobi da abinci da abin sha, an kuma samu sabbin kamfanonin casar shinkafa a jihar. Amma tsadar makamashi na nan daram. A watan Afrilun 2024 an ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga rukunin da aka yi wa alkawarin samun wuta mafi yawa, a watan Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Masu masana'antu sun ɗora fata a kan bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Galibi akan yi maganarsa ne a matsayin batun tattalin arziki. Tarihin Sharaɗa ya nuna cewa batu ne na tsaro kuma.

Kafin nan, akwai abin da za a iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Ƙungiyoyin sa-kai na iya karkata daga ɗakunan taro zuwa inda cuɗanyar ta rage: ƙofofin kamfanoni, tashoshin manyan motoci, garejin makanikai, da ƙungiyoyin masu Adaidaita Sahu. Masu kamfanonin su ma, waɗanda ke fara tafka asara duk ranar da aka sa dokar hana fita, suna da dalilin ɗaukar nauyin wannan aiki maimakon barinsa ga masu ba da tallafi daga ƙetare.

Lafiyar da aka samu bayan Uromi ta nuna cewa Kano ta koyi darasi daga 1999 da 2004. Sai dai waɗanda suka ga wancan tashin hankali da idonsu suna manyanta, kuma mafi yawan matasan da ke zaune a Sharaɗa da Panshekara a yau ba su yi wayo ba lokacin da aka yi shi.

Ko waɗannan matasa za su san maƙwabcinsu a bakin inji, ko a filin ƙwallo, ko kuwa sai a ranar tarzoma, wannan ita ce tambayar da ke gaban gwamnati da masu masana'antu da 'yan sa-kai baki ɗaya.